Littafin aikin leɓen fiffike, daga ɗakin bayan gida a Damagaram

Asabar 11 ga Janairu 2025

Bismillah. Na ce bana sai na riƙa rubuta duk abin da muka yi, saboda bara mun yi wani aiki ba mu rubuta ba, da aka zo tambayar awon da muka samu kowa ya faɗi nasa daban. Mu huɗu ne, ni da ɗalibaina uku, mace ɗaya maza biyu, atiliye kuma ɗakin bayan gidanmu ne nan Sabon Gari, tebur ɗaya da batir na sola biyu.

Ga abin da muke so mu yi. Duk wanda ya taɓa jin jirgi mai saukar ungulu zai sauka ya san wannan ƙara ta fat-fat-fat, to ba inji ne ke yin ta ba, kowane fiffike yana barin wata ƴar guguwa a ƙarshensa, wanda ke bayansa ya zo ya mare ta, marin ne kake ji. Ga kuma girgiza, idan jirgin fiffike huɗu gare shi to jikin jirgin yana karkarwa sau huɗu a kowane zagaye ɗaya, ita ce ke gajiyar da matuƙi tana kwance noti tana cin ƙarfe a hankali. Farantin nan mai karkata da ke ƙarƙashin fiffiken, wanda sandar matuƙi ke juyawa, sau ɗaya tak yake iya canza kwanciyar fiffike a kowane zagaye, don haka ba shi da abin da zai yi wa girgizar da ke zuwa sau huɗu. Shi ne masu bincike suka ce a yanka wani ɗan leɓe a gefen baya na fiffiken, kamar wanda ke bayan fiffiken jirgin sama na fasinja amma ƙarami, a riƙa kaɗa shi sama da ƙasa sau uku, huɗu, biyar a kowane zagaye don ya haifar da wani ƙarfi da zai kashe girgizar tun daga inda take fitowa. Kuma ba mafarki ba ne, a Satumba 2005 kamfanin Eurocopter sun tashi da jirgi mai saukar ungulu samfurin BK117 a Donauwörth ta Jamus da irin wannan leɓe, a 2008 kuma Boeing sun gwada fiffiken jirgin MD 900 mai guda biyar a babban ramin iska na NASA Ames a Kalifoniya, wato ginin da ake hura iska mai ƙarfi a ciki don gwaji.

Mu ba jirgi za mu ƙera ba. Fiffike ɗaya, tsawon santimita 60, da leɓe a bayansa, mu ga ko za mu iya kaɗa leɓen digiri uku sau 40 a sakan ɗaya yana kan juyawa. Shi kenan.

Alhamis 23 ga Janairu

Abin da zai tura leɓen shi ne duk maganar. Mota ta lantarki, irin mai juya fanka, ta yi nauyi kuma ta yi nawa, mai na haidurolik kuwa kai shi cikin fiffiken da ke juyawa wahala ce babba. Su waɗancan da fiyezo suka yi, wato seramik ɗin nan da in ka matse shi ya ba da wuta, in ka ba shi wuta ya miƙe. Jacques da Pierre Curie ne suka gano abin a 1880, kuma duk mai birike na gas irin na dannawa a aljihu yana yawo da shi, wannan ƙas da kake ji in ka danna, guduma ce ƴar ƙarama ta bugi fiyezo. Na fiffike ana jera shi ne faifai-faifai sirara ɗaruruwa ɗaya kan ɗaya, ya zama kamar ɗan guntun alli.

Na duba kuɗin sabo a intanet na rufe shafin, ba namu ba ne. Sai ɗaya daga cikin yaran, babansa direban babbar mota ne, ya ce Mushe ai injektan wasu motocin gazuwal na zamani fiyezo ne a ciki. Wallahi na san haka amma bai taɓa zo mini a rai ba. Yau ranar kasuwa muka zagaya garaji huɗu, a na ƙarshe muka samu injekta uku da aka cire an jefa a kwali, makanikin ya ce bakinsu ne ya ci amma bai san lafiyar saman ba, muka ba shi jika shida duka.

Lahadi 2 ga Fabrairu

Injekta na farko mun kashe shi. Da muka yanka kwanson sai muka ga jerin seramik ɗin yana cikin wani bututun ƙarfe mai huje-huje, muka ɗauka kariya ce kawai muka cire, ashe sifirin ne da ke matse shi kullum. Seramik yana jure matsi ƙwarai amma ba ya son a ja shi ko kaɗan, da muka ba shi wuta farat ɗaya ya miƙe da sauri babu abin da ke riƙe shi sai muka ji tas, ya rabu gida biyu. Raina ya ɓaci sosai don uku kawai muke da su. Sauran biyun mun bar su cikin bututunsu.

Asabar 8 ga Fabrairu

Mun je wajen Baba mai tur, dattijon da ke gyara mana ƙarafa tun ina yaro, na ce Baba agogon awonka muke so aro, wanda kowane layi ɗaya kashi ɗaya cikin ɗari na milimita ne. Ya ce ba ya ba da shi aro, sai dai mu kawo abin nan shagonsa, haka muka ɗauko batir da komai a kan kabu-kabu biyu. Muka ɗaure fiyezon a bais, muka ɗora bakin agogon a kansa, muka riƙa ƙara wuta a hankali daga sifili har bolt 150. Allurar ta motsa layi huɗu. Mikron 40 kenan (mikron ɗaya kashi ɗaya cikin dubu na milimita ne), bai kai kaurin silin gashi ba.

Baba ya kalli allurar ya kalle ni ya ce, ɗana, wannan ne zai tuƙa jirgi? Na ce Baba sa yatsanka ka danne shi mu gani ko za ka hana shi. Ya danna da iyakar ƙarfinsa, allura ta sake yin layi huɗunta kamar babu kowa a kai. Nan ya gyara zama. Halin fiyezo kenan, miƙewarsa kusan kashi ɗaya cikin dubu na tsawonsa ne kawai, amma ƙarfinsa kamar na jak, saurinsa kuma ya wuce duk abin da muke bukata nesa ba kusa ba. Aikinmu gaba ɗaya shi ne mu sayar da ƙarfin nan mu sayi tafiya.

Lissafin a kan allo: in hannun da ke juya leɓen tsawonsa milimita 3 ne daga hinji, don a samu digiri shida daga sama zuwa ƙasa ana bukatar tafiyar kusan milimita 0.3, wato sai mun ninka mikron 40 sau takwas, ƙarfin kuma zai ragu sau takwas ko fiye. Na san da wuya mu samu shidan duka, shi ya sa na ce uku.

Asabar 22 ga Fabrairu

Sati biyu a kan liba kuma babu abin kirki. Mun yi ta da alminiyom, da fil a cikin rami kamar yadda kowa zai yi, muka manna ɗan madubi a kan leɓen muka haska masa leza irin ta jika ɗaya da ake sayarwa a Kasuwar Dole, hasken ya faɗa kan bango mita uku daga tebur. Wannan dabarar ɗalibata ce ta kawo ta kuma ta fi duk wani abin awo da muke da shi, don madubi in ya juya digiri ɗaya haske digiri biyu yake juyawa, a mita uku kusan santimita 10 da rabi kenan a bango, da ido kake gani. Muka ba da bolt 150, ɗigon ja ya motsa santimita 4. Ko rabin digiri bai kai ba.

Mun yi ta neman inda tafiyar ta ɓace har dare, hazo ya cika ɗakin don tagar ba ta rufuwa da kyau, ƙura a kan komai. Amsar tana cikin ramukan fil. Duk ramin da ka huda da dirili sai ya ɗan fi fil ɗin faɗi, in ba haka ba ba zai juya ba, to wannan ɗan sararin da ido ba ya gani ya kai mikron 20 ko 30, mu kuma dukiyarmu duka mikron 40 ce, kafin fiyezon ya cike sararin rami na farko da na biyu ya gama tafiyarsa. Ragowar kuma alminiyom ɗin ya lanƙwasa ya shanye. A aikin injin niƙa ko babur wannan sararin ba komai ba ne, man giris ma yake riƙewa, amma a nan shi ne ɓarawon.

Sai yanzu na gane me ya sa waɗanda suka yi abin da gaske ba su yi wasa da wannan wajen ba. A jami'ar MIT ta Amurka sun yi wani firam mai siffar X, kamar almakashi, shi Boeing suka ninka biyu suka sa a nasu. Cedrat Technologies da ke kusa da Grenoble kuma suna sa jerin fiyezon a cikin wani zoben ƙarfe mai siffar ƙwai, in ya miƙe ta tsawo zoben ya tsuke ta faɗi ninki da yawa, kuma zoben guda ɗaya ne babu fil babu rami, ƙarfen ne da kansa ke lanƙwasa, shi ne kuma ke matse seramik ɗin. Irinsa ONERA, cibiyar binciken jiragen sama ta Faransa, suka gwada a ramin iskarsu na Modane. Zoben ƙwai za mu bi.

Asabar 8 ga Maris

Azumi ya shiga, aiki ya koma bayan asham. Kafin Baba ya gama zoben muka ce bari mu gwada wayar nitinol da ƙanena ya aiko mini daga Kano, ita ce gamin nikel da titaniyom mai tuna siffarta, an gano ta a wani ɗakin binciken sojan ruwan Amurka wajen farkon shekarun 1960. In ka ɗumama ta da wuta sai ta tsuke, santimita 10 ta ja kusan milimita 4, idan ka kwatanta da mikron 40 ɗinmu ai ninki ɗari ne. Yaran sun yi murna don leɓen ya ɗaga sosai har ɗigon leza ya bar bango ya hau rufi. Amma komawa fa? sai ta huce, kuma hucewa ba a yi mata dole. Mun ƙirga, da ƙyar take zuwa ta dawo sau ɗaya a sakan biyu, mu kuma sau 40 a sakan ɗaya muke nema. Ta dace da gyaran da ake yi sau ɗaya a bar shi, kamar daidaita fiffike ɗaya ya bi sahun ƴan uwansa, ba ta dace da kashe girgiza ba. Mun naɗe ta mun ajiye.

Laraba 19 ga Maris

Baba ya gama zoben. Daga guntun sifirin mota ya fitar da shi, ya huda ya bi da fayil kwana shida, inda ya kamata ya lanƙwasa ya sirance shi har kusan rabin milimita. Na farko ya tsage a wajen sirancewar, bai ce komai ba ya sake wani, da na kawo maganar ƙarin kuɗi ya ce in bari sai abin ya yi aiki. Hinjin leɓen ma mun cire fil mun sa siririn ƙarfe na filagejin da ake auna bawul da shi, sandar turawa kuma waya ce ta ƙarfe da aka manne ta gefe biyu.

Ɗigon ja ya tafi santimita 33. Digiri uku da ɗan kai. Ɗalibata ta sa alli ta yi layi a bango ta rubuta kwanan wata a gefe, na ce kar kowa ya goge.

Wani abu da muka lura kuma ya kamata in rubuta shi: in kana hawa da wuta, a bolt 75 ɗigon yana wani waje, in kana saukowa a bolt 75 ɗin dai yana wani wajen daban, tsakaninsu kusan santimita 4. Da farko mun zargi zoben, amma halin seramik ɗin ne, ba ya bin hanyar da ya hau wajen saukowa. Ma'ana ba za ka ce na ba da bolt kaza don haka leɓe yana kaza ba, dole sai da wani abu da ke kallon leɓen yana gaya wa kwamfuta gaskiyar inda yake.

Asabar 12 ga Afrilu

An yi Sallah lafiya, zafi kuma ya sauka, da rana ɗakin ba ya shiguwa don rufin kwano ne, sai bayan la'asar sakaliya. Yanzu maganar kaɗawa da sauri. Fiyezo a wajen lantarki kamar kondansata yake, namu mun auna kusan mikrofarad 3, in yana tsaye ba ya shan kuran, amma in kana cika shi kana zubarwa sau 40 a sakan sai ya fara ja. Ba mu da ampli na musamman, sai muka ɗauko ampli na sauti irin na masu biki, muka haɗa shi da taransifoma ta 220 zuwa 12 a juye don ta ɗaga bolt, sannan kondansata da diyod don wutar kar ta sauka ƙasa da sifili, saboda in ka ba fiyezo wuta mai ƙarfi a juye yana iya rasa halinsa gaba ɗaya ya zama dutse kawai. Sautin kuma daga salula yake fitowa, akwai manhajar da ke ba da kowane amo kake so.

A sau 20 lafiya, a 30 lafiya, a 40 leɓen yana rawa har ba ka ganinsa sai inuwa, ɗigon leza ya zama dogon layi ja. Da muka wuce 50 layin ya fara tsawo da kansa ba mu ƙara wuta ba, wajen 58 ya ninka kuma tebur duka yana kuka, na kashe da sauri. Mun zo kan amon da leɓen da zoben ke so da kansu kenan. Wani zai ce ai riba ce tunda tafiya ta ƙaru, amma a kusa da wajen leɓen yana makara, ka ce masa sauka yanzu sai ya sauka bayan lokaci ya wuce, kuma a wannan aikin lokaci shi ne komai, in turawar ta zo a makare maimakon ta kashe girgiza ƙara ta za ta yi. 58 ya yi kusa da 40 da yawa. Mun sake leɓen da itacen balsa da ƙanena ya haɗo da wayar nan, muka rufe da siririn kyallen gilas, nauyinsa ya sauko daga giram 14 zuwa 6, amon ya haura sama da 80.

Dokar ɗaki daga yau: babu mai taɓa waya sai an sauke cajin da resista an auna da mita. Ɗaya daga cikin yaran ya taɓa bayan mun kashe komai, ya ji a jikinsa, fiyezon yana riƙe caji ko an cire batir.

Asabar 3 ga Mayu

Wajen juyawa ya kammala. Motar injin wanki ce a tsaye cikin rami a tsakar gida, mun kewaye da tsofaffin tayoyi cike da yashi, gefe ɗaya fiffike ɗaya gefen ƙarfen da ya yi daidai da nauyinsa. Wutar fiyezo tana hawa ta zobban tagulla da gawayin altanetan mota. Madubi ba zai yi aiki ba a kan abin da ke juyawa, sai muka manna ɗan maganaɗisu a leɓen da sensa a kusa da shi, ƴar ƙaramar kwamfuta ESP32 a tsakiya tana turo awon zuwa kwamfuta ba waya. Mahaifiyata ta ce ba za a kunna ba sai an fitar da yara da awaki daga gidan, kuma gaskiyarta.

Lahadi 11 ga Mayu

Mun kunna, kowa yana bayan katanga. A tsaye digiri 3.1. A zagaye 200 a minti 2.8. A 400 ya sauko 2. A 600, inda sau 40 ɗinmu ke zama daidai sau huɗu a kowane zagaye, digiri 1.2 kawai, kuma zanen da ke fitowa a kwamfuta ba santsi, kansa a yanke kamar abin yana maƙalewa yana ƙwacewa.

Na san iska za ta ture leɓen ta rage wani abu, amma ba ita ce ta ci kusan kashi biyu cikin uku ba. Mun zauna da alƙalami. A zagaye 600, a nisan santimita 45 daga tsakiya, ƙarfin da ke jan komai waje ya kai nauyin abu sau 180, wato zobenmu da fiyezonsa mai giram 50 ya zama kamar kilo 9, leɓen giram 6 ya wuce kilo ɗaya, kuma duk wannan jan a gefe yake zuwa, ta inda ba mu gina komai don ya jure ba. A jirgi na gaske abin ya fi haka, BK117 fiffikensa yana zagaye kusan 380 a minti kuma faɗin da'irarsa mita 11, a mita huɗu daga tsakiya lissafi yana ba da sama da sau 600. Da muka kwance muka duba sai ga shaida, gefen leɓen na waje ya goge fenti a jikin fiffiken, ya zame ya jingina yana gurza, bakin zoben ma akwai alamar ya taɓa bangon akwatinsa.

Asabar 17 ga Mayu

Na kai wa Baba fiffiken ya juya shi a hannu ya ga inda fentin ya goge, ya ce ɗana abin da ake ja waje ba a tare shi da bango, ɗaure shi ake yi daga ciki, kamar guga. Haka za mu yi, siririyar wayar ƙarfe daga gefen leɓen na ciki, a kan layin hinji daidai, ta tafi ta kama jijiyar fiffiken can kusa da gindi, ita za ta ɗauki jan, murɗawar digiri uku kuma ba za ta dame ta ba in tana da tsawo. Zoben kuma za mu juya kwanciyarsa yadda jerin fiyezon zai bi tsawon fiffike, mu tallafe shi da ƙarafan filageji biyu ta gefe, mu ƙara sarari milimita ɗaya tsakanin leɓe da jikin fiffike.

Fiyezo ɗaya ya rage mana a kwali, ba za mu taɓa shi ba sai in wannan ya mutu. Jiya hadari ya haɗu ta gabas bai zubar ba, ramin tsakar gida kuwa in ruwa ya sauka ya zama tafki, don haka gobe da safe za mu ɗaga motar a kan bulo huɗu mu nemo tamfol, Talata in Allah ya kai mu a manna wayar, a bar gam ɗin ya kwana biyu kafin a sake kunnawa.